Yadda Kiɗan Jaz Ya Shiga Zauren Carnegie

A cikin faifan da aka ɗauka a zauren Carnegie na birnin New York a daren 16 ga Janairun 1938, akwai wani wuri kusa da ƙarshe da nakan koma in sake saurara, har na daina ƙirga ko sau nawa na yi hakan. Ƙungiyar makaɗan jaz ta Benny Goodman, mai busa kilarinet, ta jima tana buga kiɗan nan mai suna "Sing, Sing, Sing", Gene Krupa yana dukan ganguna kamar zai fasa su, masu busa suna karɓa ɗaya bayan ɗaya, jama'a kuma sun riga sun sa rai cewa abin da ya rage shi ne a rufe da ƙara mai ƙarfi kowa ya tashi. Sai Goodman ya miƙa wa mai kaɗa masa fiyano, Jess Stacy, ba tare da an shirya hakan tun farko ba. Stacy bai shiga gasa da gangunan ba. Ya sassauta hannu, ya yi wajen minti biyu yana zuba wani sauti mai sanyi a hankali, kamar mutumin da ke magana da zuciyarsa a cikin ɗaki, mutum kusan dubu uku kuma suna biye da shi. A gidan rawa, inda ƙafafu ke jiran bugu, da wuya a bai wa mai fiyano irin wannan sarari, ko an ba shi ma ƙarar takalma da hayaniyar masu shaye-shaye za su haɗiye abin da yake faɗa. Waɗannan minti biyu su ne suka ja ni na bi sawun yadda jaz ya shiga manyan zaurukan kiɗa, kuma abin da na fahimta shi ne, babbar kyautar da zaure ya yi wa wannan kiɗa ita ce lokaci da kunnen mai sauraro. Daraja kuwa, wadda aka fi yawan ambata, makaɗan sun zo da abarsu tun daga gida.

An buɗe zauren Carnegie a watan Mayun 1891 da kuɗin Andrew Carnegie, attajirin da ya yi arziki da ƙarfe, kuma shahararren mai tsara kiɗa Tchaikovsky da kansa ya taso daga Rasha ya jagoranci makaɗa a bikin buɗewar. Wuri ne da aka gina domin kiɗan Turai irin wanda ake rubutawa a takarda tun daga farkonsa har ƙarshensa, inda mai sauraro ke zama a kujerarsa da lamba, ya kame bakinsa, ya riƙe tarinsa, kuma ba ya tafi sai an kai aya. Jaz kuwa ya tashi ne a titunan New Orleans, wajen fareti da rakiyar gawa zuwa maƙabarta, da gidajen rawa da mashaya, da jiragen ruwan da ke yawo a kogin Mississippi. Mu da muka saba da kiɗan da ake yi ana guɗa, ana rawa, ana yi wa makaɗi kari yana amsawa nan take, ba za mu sha wahalar gane girman wannan sauyi ba, domin an ɗauki kiɗan da rabinsa ke jikin jama'a aka kai shi inda aka hana jikin motsi.

Yawancin mutane sukan fara wannan labari daga 1924 ko 1938, amma ni ina ganin rashin adalci ne a tsallake daren 2 ga Mayun 1912. A wannan dare James Reese Europe, wani baƙar fata haifaffen Mobile a jihar Alabama, ya hau dandamalin Carnegie da makaɗa kusan 125 na ƙungiyar Clef Club, wadda ya kafa a 1910 domin ta zama kamar ƙungiyar ƙwadago kuma ofishin samar wa makaɗa baƙaƙen fata aiki a New York. An shirya taron ne don tara kuɗi ga wata makarantar koyar da kiɗa ta yaran baƙaƙen fata. Duk abin da aka kaɗa a daren baƙaƙen fata ne suka tsara shi, kuma kayan kiɗan da suka cika dandamalin sun saɓa wa abin da zauren ya saba gani: mandolin da jita rututu, da fiyano jere, da kuma banjo, wadda asalinta ke komawa ga dangin molo da gurmi na Afirka ta Yamma. Da yawa daga cikin makaɗan ba su iya karanta rubutun kiɗa ba, da ka suka haddace nasu kason, kuma suna kaɗawa suna rera waƙa a lokaci guda. A cikin zauren kuma farare da baƙaƙe sun zauna wuri ɗaya, abin da ba a cika gani ba a Amurkar wancan zamani. Gaskiya ne cewa abin da suka kaɗa bai kai jaz yadda muka san shi yau ba, domin kalmar ma ba ta riga ta manne wa kiɗa ba, amma bugun nan mai tsallake inda kunne ke jira, wanda jaz ya ginu a kansa, ya shiga zauren a daren. Sun sake komawa a 1913 da 1914.

Europe bai yi tsawon rai ba. Ya tafi Faransa a yaƙin duniya na ɗaya a matsayin hafsa kuma shugaban makaɗan runduna ta 369 ta sojoji baƙaƙen fata, ya kaɗa wa Faransawa har a babban gidan wasa na Champs-Élysées da ke Paris a 1918, ya dawo gida da suna, sai ɗaya daga cikin masu buga masa ganga ya soke shi da wuƙa a birnin Boston a watan Mayun 1919, ya mutu. A wannan shekarar ce Will Marion Cook ya kai wata babbar ƙungiyar makaɗa baƙaƙen fata Landan, suka yi watanni suna wasa a zauren Philharmonic, har aka gayyace su fadar Buckingham. A cikinsu akwai wani saurayi ɗan shekara 22 daga New Orleans mai busa kilarinet, Sidney Bechet. Ernest Ansermet, wani jagoran makaɗa ɗan Suwizalan da ke Landan a lokacin, ya riƙa zuwa yana saurare, kuma a watan Oktoban 1919 ya rubuta maƙala a wata mujalla ta ƙasarsa inda ya kira Bechet gwani na haƙiƙa. Wannan rubutu yana cikin na farko da wani masanin kiɗan Turai ya yi game da makaɗin jaz guda, ya ambaci sunansa, ya kuma bayyana abin da ya ji a busarsa. Da a gidan rawa ya tarar da Bechet, ina shakkar ko zai samu natsuwar da zai ji abin da ya ji.

Daga nan sai ranar da ta fi kowace shahara kafin 1938, wato 12 ga Fabrairun 1924, a zauren Aeolian da ke titi na 42 a New York. Paul Whiteman, Bature mai ƙungiyar makaɗan rawa da ta fi kowace kasuwa a lokacin, wanda daga baya aka yi wa laƙabin sarkin jaz, shi ne ya shirya taron, ya kira shi gwaji a kiɗan zamani. Tsarin taron kansa hujja ce da yake son kafawa. Ya buɗe da "Livery Stable Blues", kiɗan da wata ƙungiyar Turawan New Orleans ta ɗauka a faifai a 1917, wanda ake kwaikwayon carar zakara da haniniyar doki da kukan saniya a cikinsa, domin ya nuna wa jama'a jaz a ɗanyensa, sannan ya bi da su mataki-mataki zuwa abin da yake ganin ya fi wayewa. Abin dariya shi ne jama'a sun tafa wa wannan ɗanyen kiɗa da zuciya ɗaya, ba su gane cewa an kawo shi ne don a yi masa dariya ba. Taron ya yi tsawo, zauren ya yi zafi, mutane sun fara gajiya, sai gab da ƙarshe George Gershwin, ɗan shekara 25, ya zauna a gaban fiyano, Ross Gorman kuma ya ja kilarinet daga ƙasa ya sulale da ita har sama a numfashi ɗaya, aka fara "Rhapsody in Blue". Gershwin ya tsara kiɗan ne cikin 'yan makonni, Ferde Grofé ya rarraba shi ga kayan kiɗan ƙungiyar, kuma akwai wuraren da ba a ma rubuta kason fiyano ba, sai dai Whiteman ya jira Gershwin ya gyaɗa masa kai kafin ya shigo da sauran makaɗa.

Ba ni cikin masu ƙin wannan kiɗa na Gershwin, kuma ba na ganin Whiteman mugun mutum ne. Ya biya makaɗansa da kyau, ya ɗauki gwanin busa ƙaho Bix Beiderbecke aiki a 1927, ya kuma ba William Grant Still, baƙar fata, aikin tsara masa kiɗa. Amma abin da ya kamata a dube shi da idon basira shi ne waɗanda ba su hau dandamalin ba. Babu baƙar fata ko ɗaya a cikin makaɗan daren. A daidai wannan lokaci King Oliver yana Chicago tare da wani matashi mai busa ƙaho, Louis Armstrong, kuma a 1923 sun riga sun ɗauki faya-fayan da har yau masu koyon jaz ke komawa gare su. Kafin shekarar 1924 ta ƙare Armstrong ya iso New York ya shiga ƙungiyar Fletcher Henderson a gidan rawa na Roseland, tafiyar 'yan mintuna daga zauren Aeolian, yana sauya yadda ake busa ƙaho a duniya baki ɗaya alhali mutane suna rawa a gabansa. An riƙa cewa Whiteman da Gershwin sun yi wa jaz kwalliya sun mai da shi na shiga manya, kuma wannan magana ta tona abin da ke zuciyar masu faɗinta, wato a ganinsu sai an wanke kiɗan daga masu shi kafin ya cancanci kujera. Wani ya yi noma, wani ya zo ya yi awo.

Masu kiɗan ba su zauna suna kallo ba. A ranar 27 ga Afrilun 1928 W. C. Handy, wanda ake yi wa kirari da uban kiɗan bulus (blues, waƙoƙin alhini na baƙaƙen fatan Amurka), ya kama zauren Carnegie ya gabatar da tarihin kiɗan baƙaƙen fata tun daga waƙoƙin aiki da na ibada. A cikin abin da aka kaɗa akwai "Yamekraw" na James P. Johnson, dogon kiɗan fiyano da makaɗa da aka sa wa sunan wata unguwar baƙaƙen fata a birnin Savannah, wanda kowa ya gane amsa ce ga Gershwin. Johnson bai samu izinin barin gidan wasan da yake aiki a daren ba, sai almajirinsa Fats Waller ya zauna a madadinsa. Jaridu ba su yi wa wannan dare rabin hidimar da suka yi wa na Whiteman ba. A ƙetaren teku ne ƙofa ta fi saurin buɗewa: Armstrong ya yi wasa a Palladium ta Landan a 1932, Duke Ellington, mai tsara kiɗa kuma shugaban makaɗa, ya bi shi a 1933, sannan Armstrong ya hau dandamalin zauren Pleyel na Paris a 1934.

Lokacin da aka kawo wa Goodman shawarar wasa a Carnegie, dabarar talla ce daga wani mai yi masa hulɗa da jama'a, kuma shi kansa ya yi ɗari-ɗari da farko. Yana da shekara 28, rediyo ya riga ya mai da shi gwarzon matasa, sai dai kujeru 2,760 na zauren ba filin rawa ba ne. Tikiti ya ƙare tun makonni kafin ranar, mafi tsadarsa dala 2.75, har aka jera ƙarin kujeru a kan dandamali. Wanda ya saurari farkon faifan zai ji ƙungiyar a ɗaure, kowa yana taka-tsantsan kamar baƙo a gidan surukai, sai da Krupa ya ɓarke da wani bugu ba zato jama'a suka yi sowa, sannan jini ya fara gudu. Abin da ya bambanta wannan dare da na 1924 shi ne mutanen da suka hau dandamalin. Teddy Wilson a fiyano da Lionel Hampton a kan kayan kiɗan ƙarfe mai amo, dukansu baƙaƙen fata, sun riga sun yi fiye da shekara suna wasa da Goodman a bainar jama'a cikin ƙaramar ƙungiyarsa ta mutum uku da ta mutum huɗu. An kuma gayyato Johnny Hodges da Harry Carney da Cootie Williams daga wurin Ellington, da Count Basie tare da Lester Young da Buck Clayton da Freddie Green da Walter Page.

Da waɗannan baƙi aka yi ƙoƙarin kawo cikin zaure irin zaman da makaɗa kan yi bayan an tashi daga aiki da tsakar dare, inda ake ɗaukar kiɗa guda kowa ya ƙirƙiro nasa a kai. An yi fiye da minti goma sha biyar ana zagayawa, kuma a nawa kunnen wannan shi ne wurin da zauren ya nuna iyakarsa. Lester Young ya yi busa mai kyau, amma zaman ya yi kama da hirar abokai da aka ce su maimaita a gaban alƙali. Wasu sun rasa lokacin shiga, wasu sun ja abin ya wuce kima. Akwai kiɗan da ke buƙatar ƙaramin ɗaki da hayaƙi da rashin agogo. Duk da haka daren ɗaya ne ya haifi wannan tangarɗa da kuma minti biyun Stacy, shi ya sa ba na yarda da masu cewa zaure ya kashe jaz, kamar yadda ba na yarda da masu cewa shi ya raya shi.

Da ƙyar ma muka samu jin wannan dare. Wani mai suna Albert Marx, mijin tsohuwar mawaƙiyar ƙungiyar Helen Ward, shi ya sa aka aika sautin ta waya zuwa wani ɗakin ɗaukar murya aka yanka shi a faya-fayai. Kwafin Goodman ya yi shekara goma sha biyu a cikin kabad, sai a 1950 aka ci karo da shi, kamfanin Columbia ya fitar da shi a kan sabon nau'in faifai mai dogon zango, ya sayar da fiye da miliyan guda.

Kafin shekarar 1938 ta fita, a ranar 23 ga Disamba, John Hammond, mai shirya faya-fayai da zaƙulo makaɗa, ya shirya wani taro a wannan zaure wanda ya juya hujjar Whiteman a kanta. Ya sha wahalar samun mai ɗaukar nauyi har sai da mujallar 'yan gurguzu ta New Masses ta amince. An sadaukar da daren ga mawaƙiyar bulus Bessie Smith, wadda ta rasu a haɗarin mota a 1937, an buɗe shi da faifan kiɗan gargajiya na Afirka, sannan aka bi ta kan mawaƙan coci, da Sister Rosetta Tharpe da jitarta, da makahon mai busa Sonny Terry, da masu fiyano uku Albert Ammons da Meade Lux Lewis da Pete Johnson, da Bechet, har zuwa ƙungiyar Basie. Hammond ya aika a nemo masa mawaƙin bulus Robert Johnson daga Mississippi, sai aka tarar ya rasu tun watan Agusta, don haka aka kunna faya-fayansa biyu a kan dandamali jama'a suka saurara, Big Bill Broonzy kuma ya maye gurbinsa. Wannan taro ma yana da nasa aibin, domin Hammond yana son nuna makaɗan a matsayin mutanen karkara da ba su san birni ba, har aka gabatar da Broonzy kamar manomi alhali ya daɗe a Chicago yana ɗaukar faya-fayai. Amma aƙalla masu abin ne suka tsaya a gaba.

Mutumin da ya fi kowa buƙatar lokacin da zaure ke bayarwa shi ne Ellington. Faifan garmaho na wancan zamani yana ɗaukar wajen minti uku ne a kowane gefe, kuma wannan ma'auni ya zama kamar keji ga duk mai tsara jaz. Ellington ya daɗe yana dukan ƙarfen kejin. A 1935, bayan rasuwar mahaifiyarsa, ya tsara wani kiɗa da ya ci gefe huɗu na faifai. Shekarun da ya yi a Cotton Club daga 1927, gidan rawan da ke tsakiyar Harlem, unguwar baƙaƙen fata a New York, amma ba ya karɓar baƙar fata a matsayin mai kallo, sun ba shi suna ba su ba shi wannan sarari ba. Sai a ranar 23 ga Janairun 1943, shekara biyar bayan Goodman, ya samu nasa daren a Carnegie, a taron tara gudummawa ga mutanen Rasha da yaƙi ya shafa. Ya zo da "Black, Brown and Beige", kiɗa mai kashi uku da ya kai wajen minti 45, wanda ya bi tarihin baƙaƙen fatan Amurka daga waƙoƙin aikin bauta da na ibada, zuwa yaƙe-yaƙen da suka yi wa ƙasar, har zuwa rayuwar Harlem. A cikin kashin farko akwai inda Johnny Hodges ke busa saksofon a hankali ƙwarai, kusan babu bugun da za a taka, kamar addu'ar mutumin da aka bari a wajen coci yana jiyo na ciki. Irin wannan busa ba ta da wurin zama a gidan rawa ko kaɗan.

Masu sharhi ba su yi masa da sauƙi ba. Na ɓangaren kiɗan Turai, irin su Paul Bowles, sun auna aikin da ma'aunin da ba nasa ba suka ce ba shi da tsari, na ɓangaren jaz kuma, har da Hammond, suka zarge shi da barin kiɗan rawa da na bulus ya tafi neman abin da ba nasa ba. Ya zama an tare shi gaba da baya. Bayan ya maimaita kiɗan a Boston cikin wannan watan, bai ci gaba da kaɗa shi cikakke ba, ko da yake ya riƙa komawa Carnegie kusan kowace shekara har zuwa ƙarshen shekarun 1940 da sababbin dogayen ayyuka. A lokacin da aka yi taron ƙungiyar ƙwadago ta makaɗan Amurka tana yajin ɗaukar faifai, wanda ta fara a watan Agustan 1942, saboda haka babu kamfanin da ya ɗauki aikin da zafinsa. Da aka sasanta, Ellington ya shiga ɗakin ɗaukar murya na kamfanin Victor a watan Disamban 1944, ya yanyanka minti 45 ɗin nan ya zaɓi abin da zai shiga gefe huɗu na faifai, ƙasa da rabin aikin. A 1958 ya sake ɗaukar wani sashe tare da mawaƙiyar coci Mahalia Jackson tana rera waƙar da Hodges ya busa. Faifan taron daren 23 ga Janairun 1943 bai fito kasuwa ba sai a 1977, shekara uku bayan rasuwar Ellington.